Darasi Don Ƙungiyoyin Nazari: Daɗin Labari, Taurin Musu, da Bangaskiyar Kirista



Abin da ya jawo wannan darasi wata gardama ce da muka tarar a wani ƙauye da muke kai wa ziyara sau ɗaya a wata. Bayan an tashi daga Mas, muna zaune a gindin mangwaro muna jiran abinci, sai hira ta gangaro kan wata tsohuwar kuka da ke bakin rafi, wadda aka ce wuta takan kama a rassanta da tsakar dare. Wani dattijo daga cikin mawaƙan coci ya kawo labarin da zaƙin baki, har yara suka matso suka kewaye shi. Sai wani saurayi, malamin kimiyya a makarantar sakandare, ya ce, "Baba, ka yi haƙuri, amma wannan zance ba shi da tushe. Abin da ba a iya aunawa ko a gwada, babu shi." Dattijon bai yi fushi ba. Ya ce, "Malam, ai ni ma ban ce zan rantse a kai ba. Amma in ka kwashe aljanu da dodanni daga duniya, me ka bar mana? Miya ba gishiri." Saurayin ya ce gara miya ba gishiri da wadda aka zuba wa guba. Sai dukansu biyu suka juyo suka ce, "Fada, raba mu."

Ba mu raba su a ranar ba, domin tuwo ya iso, kuma domin kowannensu yana riƙe da wani yanki na gaskiya. Abin da ya tsaya mana a rai shi ne, mutanen nan biyu da safiyar ranar suka tsaya a sahu ɗaya suka furta cewa Allah ne ya halicci abin da ido ke gani da abin da ba ya gani. Ɗaya ya ɗauki gaibu abin nishaɗi, ɗayan kuma ya ɗauke shi abin kunya. Ba wanda ya yi tambayar da Ikilisiya take yi, wato ko abin gaskiya ne.

TATSUNIYA BA ZUNUBI BA CE

Mu fara da ba dattijon haƙƙinsa. Dukanmu mun tashi da labarin Gizo da Ƙoƙi da Dodo a bakin kakanninmu, kuma ba wanda bangaskiyarsa ta lalace saboda haka. Tatsuniya tana da ƙofar shiga da ƙofar fita. Mai bayarwa yakan buɗe da "ga ta nan, ga ta nan ku," ya rufe da "ƙurunƙus," kuma tsakanin waɗannan biyu kowa ya san inda ake. Yaro yana jin tsoron Dodo, yana kuma jin daɗin tsoron, domin ya san da an tashi zai kwanta kusa da uwarsa lafiya. Sha'awar abin mamaki baiwa ce daga Allah. Ubangijinmu kansa da misalai ya koyar, kuma ba wanda ya taɓa tambayar sunan ƙauyen da ɗan nan mubazzari ya fito.

Matsala takan fara ne sa'ad da aka cire ƙofofin nan biyu, aka kawo tatsuniya da sunan labarin gaskiya, mai ji kuma ya ƙi bincike don kada daɗin ya gushe. Kada mu zaci wannan cutar marasa ilimi ce kawai. A shekarar 1917, a wani ƙauye mai suna Cottingley a Ingila, wasu 'yan mata biyu 'yan'uwan juna, Elsie Wright da Frances Griffiths, suka ɗauki hotuna da ke nuna su tare da wasu ƙananan aljanu masu fukafukai. Hotunan suka kai hannun Arthur Conan Doyle, likita kuma marubucin da ya ƙago Sherlock Holmes, ɗan sandan ciki da duniya ta sani da kaifin hankali. Mutumin nan ya gaskata, ya buga hotunan a mujalla a 1920, ya kuma rubuta littafi yana kāre su. Sai a 1983, bayan 'yan matan sun tsufa, suka amsa cewa zane ne suka yi a takarda, suka yanke, suka kafa da allurar hula. Ta yaya aka ruɗi mai ilimi irin wannan da takarda da almakashi? Ya daɗe yana sha'awar masu cewa suna magana da matattu, ga shi kuma ɗansa ya rasu a 1918. Zuciyarsa tana son abin ya zama gaskiya, sai idonsa ya bi zuciyarsa. Ba mu kawo labarinsa don mu yi masa dariya ba. Sau da yawa a ƙarƙashin "ina jin daɗinsa ne kawai" akwai wani rauni da mutum bai faɗa ba.

WANDA YAKE BIYAN KUƊIN NISHAƊIN

A watan Janairu na 2009, 'yan banga a Jihar Kwara suka kai akuya ofishin 'yan sanda, suka ce ɓarawon mota ne ya rikiɗa da suka biyo shi. Duniya ta yi dariya, mu ma mun yi. Amma a watan Agusta na 2014, bayan da cutar Ebola ta shigo Legas, saƙo ya zaga wayoyi da tsakar dare cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha. Da yawa daga cikinmu mun tuna yadda 'yan'uwa suka riƙa tashin juna kafin asuba. Cutar ba ta iso Arewa ba ko kaɗan, amma jaridu sun ba da labarin mutuwar aƙalla mutum 2 a Jihar Filato saboda gishirin, ban da waɗanda aka kwantar a asibiti. A 2023 kuma jita-jitar satar mazakuta ta sake tashi a Abuja da kewayenta, aka yi wa bayin Allah dūka a kan titi don kawai sun gaisa da wani ko sun goge shi a cikin taro.

Wanda ya fi mana ciwo shi ne zargin maita. Muna yara lokacin annobar sanƙarau ta 1996, wadda ta kashe sama da mutum 11,000 a ƙasar nan, akasari a Arewa. Mun ji da kunnenmu yadda ake raɗa sunayen tsofaffin mata a kan mutuwar da ƙwayar cuta ta jawo. Har yau ba a daina ba. Kuma ku lura da waɗanda yatsa yake nunawa: gwauruwa, tsohuwar da ba ta da ɗa namiji, maraya, mai taɓin hankali. Ba mu taɓa jin an kama mai kuɗin gari da maita ba. Waɗanda suka fara labarin a dandali wataƙila hira kawai suke yi, amma hirar tasu ce take zama sanda a hannun wani. Dokar ƙasa ta haramta jifan mutum da maita, doka ta 8 cikin Dokoki Goma kuwa ta riga ta haramta shaidar zur tun da daɗewa.

Littafi Mai Tsarki ya nuna mana wani mutum da ya ɗauki al'amuran Allah abin shaƙatawa, shi ne Hirudus. Markus ya gaya mana a sura 6 cewa yana jin daɗin sauraron Yohanna Mai Baftisma, ko da yake maganar tana dame shi. Jin daɗin bai hana shi sare kan Yohanna ba, saboda rawar wata yarinya da rantsuwar da ya yi gaban baƙi. Luka kuma a sura 23 ya ce da Bilatus ya aika masa da Yesu, ya yi murna ƙwarai, domin ya daɗe yana fatan ya ga an yi wata mu'ujiza a gabansa. Ya yi ta tambayoyi, Ubangiji bai amsa masa ko kalma ɗaya ba. Ya amsa wa Bilatus, ya amsa wa babban firist, ya amsa wa ɓarawo a kan gicciye, amma ya yi shiru ga mai neman kallo. Da Hirudus ya ga ba wasa, sai ya koma ba'a. Ashe mai neman al'ajibi don nishaɗi da mai reni ba su da nisa da juna, mutum ɗaya ya zama duka biyun a yini guda.

Saboda haka Katekizim na Ikilisiyar Katolika, wanda aka fitar a 1992, ya sa camfi da duba da sihiri cikin laifuffukan da suka saɓa wa doka ta fari, daga sakin layi na 2110 zuwa 2117. Duban taurari, da duban tafin hannu, da neman magana da matattu, da ɗaura laya, duk an ambace su. Wani zai ce, "Fada, ni wasa kawai nake yi da shafin taurari a wayata." To, in wasa ne, don me ka fasa tafiya ranar da ya ce kada ka fita? Sakin layi na 2111 ma ya juyo kanmu: wanda ya ɗauki ruwa mai tsarki ko rosari ko wata addu'a kamar maganin boka, yana tsammani abin zai yi aiki da kansa ba tare da tuba da bangaskiya ba, shi ma camfi yake yi, ko da a cikin coci yake.

TOKAR DANIYEL

Yanzu mu juya ga malamin kimiyya. Zai yi mamaki in ya ji cewa aikin da yake yi yana da kaka a cikin Littafi Mai Tsarki. Ku buɗe sura 14 ta Littafin Daniyel, wadda take cikin Littafinmu na Katolika. Mutanen Babila suna da gunki mai suna Bel, kowace rana ana ajiye masa mudu 12 manya na gari, da tumaki 40, da tulu 6 na ruwan inabi, da safe kuma a tarar babu kome. Sarki ya ɗauki wannan hujja ce cewa Bel yana da rai. Daniyel ya yi dariya, ya ce yumɓu ne a ciki, tagulla a waje. Aka yi yarjejeniya a kan rai: a ajiye abincin, a rufe ƙofa, sarki ya buga hatiminsa. Kafin a rufe, Daniyel ya sa aka barbaɗa toka a daɓen haikalin duka. Da safe hatimi yana nan, abinci ya ƙare, sarki ya fara yabon Bel. Daniyel ya riƙe shi ya ce ya dubi ƙasa. Ga sawun maza da mata da yara. Firistoci 70 da iyalansu ne suke shigowa ta wata ɓoyayyiyar ƙofa a ƙarƙashin tebur. Daniyel bai kira wuta daga sama ba, bai yi mu'ujiza don ya ƙaryata ta ƙarya ba. Toka kawai ya yi amfani da ita, da hankalin da Allah ya ba shi.

A zamaninmu wani mai wasan dabo a Amurka, James Randi, ya yi irin wannan aiki, ko da yake shi bai gaskata da Allah ba. A 1986 ya tona asirin wani mai wa'azi, Peter Popoff, wanda yakan kira sunayen marasa lafiya da cututtukansu a cikin taro yana cewa daga sama ake gaya masa. Ashe matarsa ce take karanto masa ta wata 'yar na'urar rediyo da ke cikin kunnensa, daga takardun roƙon addu'a da mutane suka cika da hannunsu. Gidauniyar Randi ta ajiye dala miliyan 1 ga duk wanda zai nuna ikon gaibu a ƙarƙashin gwaji, har aka rufe gasar a 2015 ba wanda ya ci. Kirista ba shi da dalilin jin haushin wannan. Wanda ya tona asirin maƙaryaci ya yi wa gaskiya hidima, ko ya sani ko bai sani ba.

Abin da da yawa ba su sani ba shi ne, Ikilisiya kanta tana cikin masu wuyar gamsuwa a duniya. Da Bernadette, yarinya mai shekara 14, ta ce ta ga Uwa Maryamu a Lourdes ta Faransa a 1858, Fadan garin ne ya fara tsananta mata da tambayoyi, Bishop kuma bai amince ba sai a 1862. Tun 1883 akwai ofishin likitoci a wurin, wanda yake karɓar kowane likita, mai bi da marar bi, su duba duk wanda ya ce ya warke. Ana tambaya ko cutar mai tsanani ce kuma an tabbatar da ita, ko warkewar ta zo farat ɗaya, ko cikakkiya ce, ko ta dawwama shekaru, ko kuwa magani ne ya yi aikinsa. Daga cikin warkewa wajen 7,000 da aka rubuta, 72 kacal aka amince da su a matsayin mu'ujiza zuwa 2025. Ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa. A Kibeho ta Ruwanda mutane da dama sun ce sun ga wahayi daga 1981, amma da Bishop ya yanke hukunci a 2001, shaidar mutum 3 kaɗai ya karɓa. A watan Mayu na 2024 kuma Roma ta fitar da sababbin ƙa'idodi, inda ta ce a al'ada ba za a ƙara shelanta cewa wani wahayi daga sama yake ba, iyaka a ce ba a ga abin hanawa ba. Ko waɗanda aka amince da su ma, ba a tilasta wa Katolika ya gaskata su.

Haka yake game da fitar da aljanu. Ikilisiya ta gaskata akwai Shaiɗan, amma dokarta mai lamba 1172 ta hana kowane Fada yin wannan hidima sai da izinin Bishop, littafin hidimar da aka sabunta a 1999 kuma ya bukaci a fara tabbatarwa ba ciwon jiki ko na ƙwaƙwalwa ba ne, a nemi shawarar likitoci. Muna roƙon katekis da shugabannin ƙungiyoyin addu'a su riƙe wannan da kyau. Yarinyar da take faɗuwa tana kumfa, farfaɗiya ce ta fi yiwuwa, kuma tana da magani. A yi mata addu'a, a kuma kai ta asibiti. Kada a ɗaure ta, kada a doke ta, kada a hana ta abinci da sunan azumi.

INDA MAI MUSU YA ZARCE

Duk da haka ba za mu bi malaminmu har ƙarshen hanyarsa ba. Ya ce abin da ba a iya aunawa babu shi. To, wannan magana tasa, da wane ma'auni aka auna ta? Ba a ɗakin gwaji aka samo ta ba, zaɓi ne ya yi tun kafin ya fara bincike. Kimiyya kamar koma ce mai manyan idanu: abin da ta kamo gaskiya ne, amma masunci bai isa ya ce ba ƙananan kifi a kogi don komarsa ba ta kamo su ba. Adalci ba shi da nauyi a sikeli, amma malamin zai yi ƙara in aka hana shi albashinsa.

Wannan ra'ayi ba sabo ba ne. Sadukiyawa sun musanta tashin matattu da mala'iku da ruhohi, kamar yadda Ayyukan Manzanni sura 23 ta nuna. A 1748 masanin falsafa David Hume na Sikotlan ya yi gardamar cewa kullum ya fi sauƙi a ce mai shaida ya yi kuskure ko ƙarya da a ce an saɓa wa tsarin halitta. A matsayin gargaɗi, maganar tana da amfani, kuma likitocin Lourdes da ita suke farawa. Amma in aka mai da ita doka marar togiya, to an yanke hukunci kafin a saurari shaidu, kuma babu wata hujja da za ta taɓa isa. Wannan ba bincike ba ne kuma. Mu faɗi gaskiya, musu ma yana da nasa daɗin, wato mutum ya ji ya fi sauran jama'a wayo. Wannan daɗi yana iya rufe ido kamar yadda daɗin labari yake rufewa.

Majalisar Vatikan ta Ɗaya a 1870 ta koyar cewa hankalin ɗan Adam yana iya sanin Allah ta wurin halittunsa, kuma ba za a sami saɓani na gaskiya tsakanin bangaskiya da hankali ba, tun da Allah ɗaya ne ya ba da su. Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya sake jaddada wannan a wasiƙarsa ta 1998 kan bangaskiya da hankali. Muna son malamai irin namu su san Fada Georges Lemaître na Beljiyam, wanda a 1927 ya nuna da lissafi cewa sararin samaniya yana faɗaɗa, daga nan kuma aka kai ga ra'ayin cewa yana da mafari. Da Paparoma Pius na Goma Sha Biyu ya yi jawabi a 1951 yana kusantar da wannan bincike da labarin halitta, Fada Lemaître bai ji daɗi ba, domin ba ya so a jingina bangaskiya a kan lissafin da gobe za a iya gyarawa. Ga mutum yana yin Mas da safe, yana lissafin taurari da rana, bai bar ɗaya ya yi wa ɗayan ƙarya ba.

Bangaskiyarmu ba ta tsaya a kan daɗi ba, a kan wani abu da ya faru ta tsaya. Manzo Bulus ya gaya wa Korantiyawa a wasiƙarsa ta fari, sura 15, cewa in Kristi bai tashi ba, wa'azi da bangaskiya duk aikin banza ne, ya kuma lissafta waɗanda suka gan shi, har da mutum sama da 500 waɗanda yawancinsu suna da rai a lokacin, wato ana iya zuwa a tambaye su. Mai ba da tatsuniya ba ya yin haka. Toma kuwa da ya ƙi yarda sai ya gani, Ubangiji bai kore shi ba, ya nuna masa hannuwansa da kwiɓinsa. Hirudus ya nemi kallo aka yi masa shiru, Toma ya nemi gaskiya aka amsa masa, domin Toma a shirye yake ya durƙusa in ya samu.

Ga ƙungiyoyin da za su yi nazarin wannan darasi, a karanta Daniyel 14, da Luka 23, da Yohanna 20, sa'an nan kowa ya kawo labari ɗaya na gaibu da yake yawo a unguwarsu, a tambayi wanda ya gani da idonsa, da wanda zai cutu in aka ci gaba da yaɗa shi.

Da muka koma ƙauyen a watan da ya biyo, katekis ya gaya mana cewa shi da malamin da samari biyu sun kwana kusa da kukar da tocila. Wajen ƙarfe 1 na dare wuta ta bayyana a sama kamar yadda aka faɗa. Wasu masu ɗiban zuma ne daga ƙetaren rafi, suke hawa da bakin wuta don su kori ƙudan, kuma labarin aljanun yana yi musu amfani tun da yana hana kowa zuwa wurin. Dattijon ya yi dariya har da hawaye, ya ce zai ci gaba da ba yara labarin, amma zai riƙa farawa da "ga ta nan." Malamin ya raka mu har mota, ya ce batun kuka ya ƙare, amma yana da tambayoyi kan mutum 500 ɗin nan na Bulus. Mun sa ranar da za mu zauna, bayan girbi.